Yadda ake gano inda layin dogo yake daga guntun taswira

Wasan ba shi da wuyar bayani. Wani zai yanko guntun taswira ko hoton tauraron ɗan'adam inda layin dogo ya ratsa, ya goge sunayen garuruwa, ya miƙo maka ya ce, “Ina ne nan?” Wani lokaci a bar maka kogi da hanyar mota, wani lokacin kuma layukan dogon ne kaɗai a kan farar takarda. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo a wannan kacici-kacici ba yawan sunayen tashoshin da mutum ya haddace ba ne. Gwani ya san cewa jirgin ƙasa ba ya shan kwana don ganin dama. Yana da nauyi, ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, tudu mai tsini ya fi ƙarfinsa, haka ma kwana mai kaifi. Duk lanƙwasar da ka gani a layi, akwai abin da ya tilasta ta: dutse, ko kogi, ko iyakar ƙasa, ko irin kayan da ake ɗauka. Aikinka shi ne ka gano wannan dalilin, ka yi ta zubar da ƙasashen da ba su dace ba har wuri ɗaya ya rage.

Kayan aiki

Abu uku sun wadatar. Na farko Google Earth ko Google Maps don hoton sama. Na biyu OpenRailwayMap, taswirar layukan dogo na duniya da aka gina a kan bayanan OpenStreetMap, wadda ke iya nuna maka faɗin layi, da irin lantarkinsa, da iyakar gudun da aka yarda a yi a kansa, kowanne da launinsa. Na uku takarda da biro. Allon waya yana yi, amma na kwamfuta ya fi, domin za ka so ka ajiye hoton tambayar a gefe ɗaya, taswirar a ɗaya gefen.

Mataki na farko: san girman abin da kake kallo, ka san arewa

Kafin ka ambaci sunan wata ƙasa, nemi ma'auni. Idan mai tambaya ya bar sikelin taswirar, ka huta. Idan ya cire, nemi abin da ka san tsawonsa. Filin ƙwallon ƙafa yana kai mita 105 ko kusa da haka. Babbar kwantena mita 12 ce da 'yan kai. Taragon fasinja irin na Turai yakan kai mita 26. Da ɗaya daga cikin waɗannan za ka auna sauran.

Sai arewa. Masu wayo sukan juya hoton don su rikita ka, amma inuwa ba ta bin umarninsu. A Turai da Rasha da Japan da Amurka, inuwar tsakar rana arewa take faɗuwa. A kudancin Ostireliya da Ajantina da yawancin Afirka ta Kudu, kudu take faɗuwa. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya kuwa tana sauyawa da lokacin shekara, don haka can kada ka jingina da ita. Idan aka ce maka ba a juya hoton ba, kuma ka ga inuwar gine-gine ta kwanta kudu, to ka cire Turai da Rasha da Japan da Kanada daga lissafi tun ba ka duba layin ba.

Mataki na biyu: karanta siffar layin

Nan ne ya kamata ka daɗe, domin mafi yawan amsar a nan take.

Fara da tambayar ko tsohon layi ne ko sabo. Tsofaffin layuka, waɗanda aka haƙa da diga da shebur, suna bin ƙasa yadda take. Suna zagaye tudu, su bi bakin kogi, su shiga kowane ƙaramin gari. Sababbin layukan jirage masu gudun tsiya kuwa suna miƙewa ne sambal, kwanarsu mai faɗin kilomitoci, suna huda dutse, suna haye kwari a kan doguwar gada, kuma sau da yawa tasharsu tana bayan gari. Idan ka ga irin wannan, jerinka ya gajarta: Japan da ta fara da Shinkansen a 1964, Faransa da ta buɗe layin Paris zuwa Lyon a 1981, Sifen, Jamus, Italiya, Sin wadda ta fi kowa tsawon irin wannan layi, sai 'yan kaɗan. A hamada kuma, ka tuna da layin Makka zuwa Madina da aka buɗe a 2018. A wannan shekarar ce Maroko ma ta buɗe nata daga Tanja zuwa Kenitra.

Idan layin ya yi zobe ya dawo ya ƙetare kansa, to tudu ne ya gagare shi hawa kai tsaye, aka ƙara masa tsawo don a sassauta hawan. Irin waɗannan wurare ba su da yawa, kuma masu shirya tambaya suna son su ƙwarai. Ga inda ma'aunin da ka nema a matakin farko zai biya ka. Zoben Brusio a Suwizalan, a layin Bernina, ƙarami ne: faɗinsa kusan mita 140, yana kan gadar dutse mai baka tara, a fili kusa da gidaje. Zoben Tehachapi a Kalifoniya, wanda aka gama a 1876, ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Tsawonsa ya haura kilomita ɗaya, akwai tudu a tsakiyarsa, ƙasar busasshiya ce, kuma dogon jirgin kaya yakan bi ta saman wutsiyarsa. Idan kuwa zoben ya ɓace a cikin dutse, taswira ta zana shi da ɗigo-ɗigo, duba mashigar Kicking Horse a Kanada inda aka huda irin wannan hanya guda biyu a 1909, ko Wassen a tsohon layin Gotthard na 1882, inda layin ke kai da komo har fasinja ya ga cocin garin sau uku daga tsayi daban-daban.

Akwai kuma layin da ke hawa dutse da gaba da baya: jirgi ya tafi har ƙarshen wani guntun layi, ya tsaya, ya ja da baya zuwa na sama. Da ka ga wannan, fara leƙa tsaunukan Andes, wato Peru da Ekwado, sannan Darjeeling a Indiya.

Miƙaƙƙen layi ma shaida ne. Wanda ya fi kowanne a duniya yana filin Nullarbor na Ostireliya, kilomita 478 ba kwana ko ɗaya. Sai dai mai adalci ba zai ba ka tsakiyarsa ba, tunda babu abin kamawa a wurin.

Kwanar da ta fi daɗin warwarewa a wurina ita ce wadda ba dutse ba kogi a kusa da ita, amma layin ya karkata. Galibi iyakar ƙasa ce. Layin tama na Muritaniya, mai kilomita 704 tsakanin Nouadhibou da Zouérat, yana tafiya gabas a manne da iyakar Yammacin Sahara, sai a kusa da Choum ya juya arewa, domin iyakar ma a nan ta juya. Lokacin da ake gina shi, can ƙetaren yana hannun Sifen, shi ya sa Faransawa suka gwammace su huda dutse da su taka ƙasar wani. Yanzu an daina bin wannan ramin.

Ruwa kuma yana da nasa. Layin da ya miƙe ta tsakiyar wani babban tafki, ruwan arewacinsa ja-ja, na kudu kore-kore, ba ya buƙatar dogon tunani: tafkin gishiri ne na jihar Utah a Amurka. Shingen duwatsun da aka ɗora layin a kai ne ya hana ruwan gauraya, ɓangaren arewa ya fi gishiri, launinsa ya sauya.

Mataki na uku: me layin yake ɗauka?

Ƙidaya layukan. Ɗaya ne, ko biyu, ko huɗu? A layi ɗaya, nemi inda ya rabu biyu na ɗan lokaci don jirage su ba juna hanya, ka auna tsawon wurin. Galibi yakan ɗauki jirgi mafi tsawo da ke bin layin. A Turai jirgin kaya ba kasafai yake wuce mita 750 ba. Idan ka auna ka samu kilomita biyu ko uku, koma Amurka, Kanada, Ostireliya, ko layukan ma'adinai irin na Sishen zuwa Saldanha a Afirka ta Kudu.

Duba kuma yadda layin ya ƙare. Idan ya zagaya ya dawo kan kansa a bakin teku ko kusa da wani ƙaton rami, an yi shi ne don a loda ko a sauke kwal ko tama ba tare da an kwance injin ba. Launin tsibin da ke gefe zai gaya maka sauran: baƙi kwal ne, ja-ja tama ce. Idan layuka da yawa suka shigo tsakiyar birni suka tsaya cak a gaban wani babban gini, tashar ƙarshe ce, irin ta Leipzig ko Milan ko Zurich. Idan kuma layi ɗaya ya bazu ya zama gomiya, kamar tsintsiyar da aka ɗaure ta gindi, to filin tantance taragu ne. Mafi girma a duniya shi ne Bailey a North Platte ta jihar Nebraska, mai tsawon kusan kilomita 13. Na Maschen, kudu da Hamburg, shi ne babba a Turai.

Gini mai siffar rabin zobe da faifan juya inji a gabansa alama ce cewa garin ya yi tashe a zamanin injin kwal. Ko da an rushe ginin, sau da yawa zoben yana nan a ƙasa.

Mataki na huɗu: faɗin layi, lantarki, da hannun da ake bi

Faɗin layi, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafunan biyu, ya raba duniya gida-gida. Mafi yawa milimita 1,435 ne: yawancin Turai, Amurka, Sin, Gabas ta Tsakiya. Rasha da ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da Mongoliya suna da 1,520. Tsofaffin layukan Sifen da Fotugal 1,668. Indiya da Pakistan da babban ɓangaren Ajantina 1,676. Ayalan 1,600. Na 1,067 yana kudancin Afirka, da Indonesiya, da yawancin Japan in ka cire Shinkansen, da tsofaffin layukan Najeriya da Gana da Sudan. Na mita ɗaya cif yana Tailan, Biyetnam, Malesiya, Kamaru, da tsohon layin Kenya zuwa Uganda.

Kada ka wahalar da idonka wajen auna wannan daga hoton sama. Tsakanin 1,435 da 1,520 bambancin milimita 85 ne kacal, hoton tauraron ɗan'adam ba zai nuna maka shi ba. Abin da ake iya gani shi ne inda faɗi biyu suka haɗu: ƙaton fili a bakin iyaka, da layuka kafaɗa da kafaɗa, da injunan ɗaga kwantena, da doguwar rumfar sauya ƙafafun taragu. Ka riƙe sunayen nan: Brest tsakanin Belarus da Polan, Zabaykalsk da Manzhouli tsakanin Rasha da Sin, Erenhot tsakanin Sin da Mongoliya, Irun da Hendaye ko Portbou da Cerbère tsakanin Sifen da Faransa. Tashar da ta fi ƙarfin garinta, ga kuma iyaka a kusa, ɗaya daga cikin irin waɗannan ce.

Lantarki ya fi sauƙin gani. Wayar ba ta fitowa a hoto, amma inuwar turakunta tana fitowa, a jere, kowace mita 50 zuwa 60. Kusan duk layukan Suwizalan na lantarki ne, Indiya ma ta kusa gama nata manyan layukan, alhali layukan kaya na Amurka kusan duka dizal ne. Tarko ɗaya a nan: kudancin Ingila jiragensu na lantarki ne amma ba turaku, domin wutar tana bin wani ƙarfe na uku da ke kwance a gefen layin.

Sai hannun da jirgi ke bi a layi biyu. Idan ka yi sa'a akwai jirgin kaya a hoton, nemi injin, ka san inda ya dosa, ka ga ko hagu yake ko dama. Birtaniya, Indiya, Japan, Sin, Faransa, Italiya, Beljiyam, Suwizalan da Suwidin hagu suke bi. Jamus, Holan, Polan, Rasha da Amurka dama. Ka lura, Faransa da Italiya da Sin motocinsu dama suke bi, jiragensu hagu, don haka kada ka ɗora hukuncin titi a kan dogo. A Faransar ma, yankin Alsace da Moselle dama ake bi, saboda suna hannun Jamus daga 1871 zuwa 1918. A kusa da tsohuwar iyakar akwai gadoji inda layi ɗaya ke haye ɗan'uwansa su yi musayar hannu. Gada irin wannan a tsakiyar gonaki, ba mararraba ba komai, kusan ta faɗa maka amsa. Ka dai yi hattara da dogayen jiragen Amurka, don sukan sa inji gaba da baya.

Mataki na biyar: abin da ke gefen layi

Gonaki murabba'i masu mil ɗaya kowane gefe, da hanyoyi miƙaƙƙu, da dogayen rumbunan hatsi a bakin layi, tsakiyar Amurka ne ko Kanada. Idan an bar guntun suna, yi amfani da shi: “Hbf” babbar tasha ce a ƙasar da ake Jamusanci, “Jn” da “Cantt” sun yi yawa a Indiya da Pakistan, tashar da sunanta lamba ce ta kilomita kawai kuma sananniya ce a Rasha da maƙwabtanta. A titi, kan tirela shi ke nuna inda ta dosa, daga nan ka san hannun da motoci ke bi.

Mataki na shida: rubuta, tace, sannan ka buɗe taswira

Rubuta abin da ka gani kashi biyu: wanda ka tabbatar da wanda kake zato. Mafi yawan ɓata a wannan wasa daga haɗa su take tasowa. Mutum ya yi zaton ƙasar nan ce, ya shafe awa guda yana neman abin da zai gaskata zatonsa. Sai jerinka ya ragu zuwa ƙasa biyu ko uku za ka buɗe OpenRailwayMap, ka kunna launin da ya dace da shaidarka, ka bi layi daga mararraba zuwa mararraba. Mararraba ake nema, domin miƙaƙƙen layi duk kama yake yi da juna, amma kusurwar da reshe ya fita da ita ba ta cika maimaituwa ba. Ka tuna kuma cewa 'yan sa-kai ne ke zana wannan taswira: a wasu ƙasashen an zana har ƙaramin layin ajiye taragu, a wasu kuma babban layin kaɗai za ka samu.

Ga misali daga farko har ƙarshe. An ba ka hoton jar ƙasa mai ƙananan itatuwa, da layin dogo biyu da babban titi suna tafiya tare. Layi ɗaya yana ta lanƙwasa, ya shiga tsakiyar gari. Ɗayan miƙaƙƙe ne, a kan tudun da aka tara masa, da dogayen gadoji a inda ba wani babban kogi, tasharsa sabuwa fil a gefen gari. Wato tsohon layi da sabo. Ƙasashen Afirka da suka yi haka kwanan nan sun haɗa da Habasha, Najeriya, Kenya da Tanzaniya. Ka duba sabon layin, babu inuwar turaku. Na Addis Ababa zuwa Jibuti na lantarki ne, haka ma sabon na Tanzaniya, sun fita ke nan. Ka duba tireloli, hagu suke bi, Najeriya ta fita. Saura Kenya, layin Mombasa zuwa Nairobi da aka buɗe a 2017, kuma dogayen gadojin nan an yi wasunsu ne don namun dajin Tsavo su wuce ta ƙasa. To wane gari? A hoton akwai wani tsohon reshe da ya fita daga tsohon layin ya nufi yamma. Bi taswira daga Mombasa, za ka tarar da shi a Voi, inda reshen Taveta ya rabu ya nufi iyakar Tanzaniya.

Mataki na bakwai: tabbatar kafin ka amsa

Kama da wane ba ta wane. Nemi abu uku da ba su da alaƙa da juna su dace: kusurwar mararraba, inda titi ya ƙetare layi, da lanƙwasar rafi, misali. Biyu suka dace ɗaya ya ƙi, kada ka yi saurin watsar da wurin, kada kuma ka yi saurin amsawa. Buɗe tsofaffin hotuna a Google Earth, domin ana cire layi, ana ƙara gada, kogi ma yana sauya hanya. Layin da aka cire ƙarfensa yakan bar sawu: jerin itatuwa a miƙe, ko titi mai kwana irin ta dogo, ko gadojin dutse a hamada irin na layin Hijaz da ya isa Madina daga Dimashƙa a 1908.

Idan kai ne mai shirya tambaya

Ku fara yarda a kan dokoki: an halatta neman hoto da injin bincike ko an hana, ana juya taswira ko ba a juyawa, kuma wace amsa ce ta isa, sunan ƙasa ko na tasha. Zaɓi wurin da ke da aƙalla abu ɗaya da babu irinsa a wani wuri, sannan ka gwada warware shi da kanka da abin da ka bari a hoton kawai, ba da abin da ka riga ka sani ba. Tanadi alamu uku da za ka saki ɗaya bayan ɗaya idan aka yi shiru: nahiya, sai faɗin layi, sai shekarar da aka buɗe shi. Wanda ya amsa ba alama ya ci maki huɗu, kowace alama ta rage ɗaya. Ka kuma sa sharaɗin cewa duk wanda ya ci sai ya faɗi yadda ya bi ya kai ga amsar, sannan shi zai kawo tambaya ta gaba.